Daga Korahane zuwa Tilimsan: ɗan ci-ranin da ba ya aiko da komi

A ƙasar Dakoro tafiya ba baƙon abu ba ce. Da an yanke gero, an ɗaure dammuna, an zuba abin da ya samu a rumbu, sai ƙauyuka su fara raguwa. Samari su rataya jaka, wasu su nufi Maraɗi, wasu su ƙetara Katsina da Kano har Ikko, masu ƙarfin zuciya su bi ta Agadas su faɗa Libiya. Ƙa'idar ci-rani kuwa kowa ya san ta tun yana goye: ka tafi da ɗari, ka komo kafin shuka, hannunka riƙe da wani abu. Turmin zane na tsohuwa, buhun hatsi na tsallake bazara, kuɗin haraji, in Allah ya buɗa har da na aure. Da abin da tafiya ta kawo ake auna ta, da shi kuma ake auna mai tafiyar.

Shi ya sa al'amarin wani saurayi na wani ƙauye cikin komin ɗin Korahane ya daɗe yana ɗaure wa mutanen garinsu kai. Ya yi shekara 5 a waje bai aiko da ko dala ba, shi ma ake aika wa, amma kuma ba wanda ya iya buɗa baki ya ce yaron ya lalace.

Korahane na yamma da garin Dakoro, cikin jihar Maraɗi, a yankin da gona ke fara sakin ƙasa tana bar wa makiyaya. Jigawa ce da rairayi, da aduwa da magarya jefi-jefi, ga kwarin Tarka ya ratso ƙasar ya gangara wajen Madawa. Iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata ba ta da nisa da nan, ko da yake ƙarancin gona ya daɗe da tura hauya ƙetaren wannan iyaka. Hausawa da Buzaye da Fulani na shan rijiya ɗaya, wata rana da raha, wata rana da cacar baki. Rijiyoyin kuwa sai wanda ya gani. Mutum ya leƙa, ba ya hango ruwa sai wani ɗan ƙyalli can ƙasa kamar ƙwandala. Hannu ba ya iya musu, sai an ɗaura igiya ga sa ko raƙumi, yaro ya kora dabbar ta yi nisa, sa'an nan wasaki ya ɓullo a bakin rijiya. Shekara da shekaru wannan saurayi shi ne yaron da ke kora san gidansu.

Karatu biyu ya yi, kamar yawancin tsaransa. Da asuba da kuma bayan magariba yana gaban kakansa, malamin zaure, da allo da tawada, a gefen wutar kara. Da hantsi yana lakwal, cikin ajin zana, gaban mushe da Faransanci. Na biyun ne ya ɗauke shi ya kai shi Dakoro, inda ya yi kwaleji da lise a gidan wani mai masauki, yana ɗebo ruwa da share gida a bakin tuwon dare. Ya ci bak na fannin kimiyya da maki mai kyau. Ya ajiye takardunsa a Yamai wajen hukumar ANAB mai kula da tallafin karatu, wanda ƴan makaranta ke kira burs, ya koma gida ya shiga noma. Gero na fidda kai labari ya zo ta salula: sunansa ya fito cikin waɗanda ƙasar Aljeriya ta ba gurbin karatu. Likitanci ya nema, aka ba shi ilimin ruwa, a jami'ar wani gari wai shi Tilimsan.

Murna ba ta kwana ba lissafi ya biyo ta. Gurbi kyauta ne, amma fasfo ba kyauta ba ne, haka takardun likita, da zaman jira a Yamai, da tufafin sanyi, da ɗan abin da zai riƙe kafin burs ya fara fitowa. Gidan na da shanun aiki biyu. Uban ya ce a sayar da ɗaya. Ƙanen uban ya ƙi, kuma maganarsa ba ta wofi ba ce. A da, kafin a buɗe karatun jami'a a Yamai a 1971, dole ne ɗan Nijar ya fita, ko Dakar ko Abijan ko Faransa. Amma tun 2010 ga jami'a a Maraɗi, wadda daga baya aka sa wa sunan Dan Dicko Dankoulodo, tafiyar wuni ɗaya daga gida, inda yaro zai iya komowa ya kama noma kowace damana. Don me za a karya ƙafar gida guda saboda garin da ba wanda ya taɓa jin sunansa?

Ashe akwai wanda ya taɓa ji. Tsohon na kishingiɗe kan buzunsa yana saurare, sai ya ɗaga kai.

"Ina ka ce? Sake faɗi in ji."

"Tilimsan, Malam."

Ya sa aka miƙo masa gafaka, ya zaro wasu ganyayen takarda da gefensu ya cinye don yawan juyawa. Ummul Barahina ce, ɗan littafin tauhidin nan da almajiran ƙasar Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna haddacewa. Mai littafin, Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan ne, can ya rasu a 1490, can kabarinsa yake.

"Ku sai da san," in ji tsohon. Ya juya ga jikan. "Kai kuma in ka isa, ka tahi kabarinai ka yi mai sallama. Ka ce wani tsoho na ƙasar Hausa ya karanci littahinai."

Ranar kasuwa aka kora san zuwa Dakoro. Uwar, da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa doguwar magana ba. Ta ƙulla masa kuka da kuɓewa busassa da yaji da cuku, ta ce wa ƙanwarsa: "Ba wancan, ya sa cikin jakarshi."

Hanyar ta fara da motar kasuwa zuwa Dakoro, sa'an nan kilomita wajen 120 zuwa Maraɗi ta Kornaka, sa'an nan kar na dogon zango ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso har Yamai. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Alje awa huɗu ce ko kusa da haka. Yana zaune jikin taga, ƙasa baƙi ƙirin ba ko fitila ɗaya, bai kuma kawo a ransa cewa ƙarƙashin wannan duhu akwai wata hanyar ba, ta Agadas da Arlit da Asamaka da Tamanrasat, wadda wasu ƴan ƙasarsa ke bi cikin bayan mota kwana da kwanaki zuwa ƙasar da za shi. Daga baya ya san da ita. Daga Alje kuma sai ya sake yin yamma fiye da kilomita 500, ya wuce Oran, har dab da iyakar Maroko, wadda ke rufe tun 1994.

Tilimsan gari ne da ya jingina da dutse, mita wajen 800 bisa teku. Bayansa tudun Lalla Setti ya miƙe kamar bango, gabansa fili ya shimfiɗu da itatuwan zaitun. An ce sunan garin daga kalmar Berberanci yake mai nufin idanun ruwa, kuma mutumin da ya tashi yana kora sa a bakin rijiya ba ya buƙatar a fassara masa wannan: ruwa ya gani yana fitowa daga jikin dutse ba mai jan sa. Tsohuwar fadar sarakunan Banu Zayyan ce. Babban masallacinta an gama shi a 1136. A bayan gari hasumiyar Mansura na tsaye, kusan mita 40, rabinta ya zube, saura daga sansanin da sarakunan Fas suka gina lokacin da suka yi wa garin zobe shekara 8 tun daga 1299. Daga wannan gari ne kuma Shehu Magili ya fito, wanda ya bi ta Tuwat da ƙasar Ayar ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha kan sha'anin mulki. Wato hanyar da saurayin ya yi cikin dare ɗaya, malamai da littattafai sun riga shi bin ta da raƙuma shekara 500, sai dai su kudu suka nufa.

Amma baƙo ba da tarihi yake fara gamuwa ba. Da sanyi ya fara. Ɗan Dakoro na ganin ya san ɗari, tun da ya sha hunturun da ke fasa leɓe da dunduniya. Sai dai ɗarin gida busasshe ne, da hantsi ya yi an rabu. Na can jiƙaƙƙe ne, yana zuwa da ruwan sama a watan da bai kamata a ce ana ruwa ba, ya shiga bango ya shiga bargo ya shiga ƙashi, ya kwana ya wuni. Rigar sanyin da ya saya a gwanjon Yamai yana taƙama da ita ta zama abin dariya. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara rufe Lalla Setti ƴan gari suka hau kallo da murna, shi kuwa yana ɗaki ya sa wando biyu, yana lissafin watannin da suka rage.

An ba shi gado a gidan kwanan ɗalibai, wanda suke kira site. A nan sai a yi wa Aljeriya adalci. Karatu ba a biyan abin kirki, ɗaki kusan kyauta, motar kai ɗalibai haka, tikitin abinci a resto kuwa dinari 1.20, kuɗin da ko ashana ba su saye a kasuwa. Ƙasashe kaɗan ne ke yi wa ɗan wani haka. Sai dai abincin burodi ne da safe, burodi da rana, burodi da dare, da wake fari ko adas ko taliya, ranar Juma'a kuskus. Cikin da ya saba da fura ya yi wata guda yana ƙorafi. Waɗanda suka riga shi zuwa, ƴan Damagaram da Tawa da Doso, su suka koya masa dabara: garin alkama mai tsakin nan da ake kuskus da shi, in an tuƙa shi da kyau a kan ɗan murhun lantarki, yana ba da tuwon da ba a raina ba. Daren da aka kaɗa kukar da uwarsa ta ƙulla, mutum tara suka zauna wa kwano guda, har da wani ɗan Mali da ɗan Cadi, ba mai magana sai ƙarar loma.

Harshe ma ya yi masa ba-zata. Ya zo da Faransancin da ya sha yabo a Dakoro, da Larabcin allo. A aji malami zai fara da Faransanci, in bayani ya yi zafi sai ya zame cikin Darja, Larabcin gari, aji ya fashe da dariya ko ya gyaɗa kai, baƙo na riƙe da alƙalami bai san abin da ya wuce shi ba. A kasuwa in ya yi Larabcin littafi sai a dube shi kamar mai huɗuba. Da kaɗan-kaɗan ya tsinci nasu: "wah" ita ce i, "sahha" ita ce godiya, "huya" ɗan'uwa. Ya saba da hutun mako na Juma'a da Asabar, ya saba da karantika, wainar garin wake mai zafi da ake cusawa cikin burodi, abincin ɗalibin da aljihunsa ya yi sanyi. Waɗanda suka zo bayansa ma nasu ya fi, don tun 2023 hukumomin ƙasar suka fara juya koyarwar jami'a zuwa Ingilishi.

Inda bai zaci sauƙi ba can ya same shi. Wata magariba ya tsaya a wani ƙaramin masallacin unguwa, bayan salla tsofaffi suka yi da'ira suka fara karatun izu baki ɗaya, kamar yadda suka saba kullum. Kunnensa ya tashi. Warshu ce, ruwayar da kakansa ya biya masa. Ya ɗauki wani tsohon Alƙur'ani a kan kanta, ya ga fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, daidai yadda ya rubuta su a allo yana ɗan shekara 7. Bai san lokacin da bakinsa ya bi su ba. Da aka shafa, wani tsoho mai farar alkyabba ya riƙe masa hannu ya tambaye shi daga ina. Ya ce Nijar. Tsohon ya ce Nijeriya? Ya ce a'a, Nijar, maƙwabciyarku ta kudu. Tsohon ya ce ko ma daga ina ne, wanda ya koya maka karatu ya iya. Tun daga wannan Juma'a kwanon kuskus ɗinsa na gidan tsohon. Takardar lakwal ce ta kawo shi garin, amma ƙofar gida ta farko da aka buɗe masa, allo ne ya buɗe ta.

Titi kuwa ba ya tambayar mutum ruwayar da ya karanta. Fata yake gani. Yara kan bi shi da "kahlush", wato baƙi, wani lokaci da wasa, wani lokaci da tsakuwa. Manya masu ladabi kan ce masa "Ba'afirke", sai ka ce su a wata nahiyar suke zaune. Ɗan taksi ya rage gudu, ya dube shi, ya wuce. Ba kowa ba ne, ba ma yawanci ba, amma abin da ake yi wa mutum sau ɗaya a mako ya isa ya canja masa tafiya. Ya koyi fita da katin zama a aljihun ƙirji ko da burodi zai sayo, ya koyi komawa site kafin dare ya yi nisa. A farkon 2019, da aka kashe wani ɗalibi ɗan Zimbabuwe a Annaba, can gabashin ƙasar, ɗaliban kudu da Sahara na kowane gari sun kwana da abin a ransu.

Akwai kuma wata kalmar da ta fi "kahlush" ciwo, don ita daga gida ta zo. "Sadaka." Haka wasu ke kiran matan Nijar da ƙananan yaransu masu bara a mararrabar titunan arewacin Aljeriya, yawancinsu daga ƙasar Kance da Matamai. Duniya ta san da su a watan Oktoba 2013, sa'ad da aka tsinci gawa 92, galibi mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hamada arewa da Arlit. A ƙarshen 2014 gwamnatocin biyu suka shirya maido da su gida, kuma tun daga nan jerin motoci bai yanke ba. Waɗanda ba a kai har gari ba akan sauke su a wurin da ake kira "Point zéro", su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum dubu 30 da aka koro a 2024 kaɗai.

Wata ranar Asabar yana tafe da abokan ajinsa biyu ƴan gari, sai wata mace zaune a gefen titi da yarinya a cinya ta miƙo kwano. Ya ji tana ce wa yarinyar da Hausa ta gyara mayafinta. Ya kau da kai, ya ƙara sauri, ya ci gaba da Faransancinsa. Mai karatu kada ya yi gaggawar yanke masa hukunci: yaro ne ɗan shekara 20 da ya yi wata shida yana fama a san shi ɗalibi ne. Amma shi bai yafe wa kansa ba. Daren nan bai yi barci ba, don muryar irin ta gwaggoninsa ce. Washegari ya koma shi kaɗai, ya durƙusa.

"Ina kwana, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ɗana, ashe kai namu ne. Jiya na gan ka, na ce wannan tafiyar ta ɗan Hausa ce. Daga wane gari?"

"Ƙasar Dakoro."

"Me kake yi nan?"

"Karatu."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ka yi da kyau, kai ka shigo ta ƙofa."

Ya riƙa biyowa yana gaishe ta, wata rana da burodi, wata rana ya karanta mata takardar maganin yarinyar. Bayan wata biyu ya zo ya tarar da wurin wayam. Mai shagon kusa ya ce motoci sun zo da asuba.

Karatun kansa ya yi nauyi a shekarar farko, lissafi da kimiyyar motsin ruwa da zane a kwamfuta, ga shi bai taɓa zama gaban kwamfuta awa guda ba kafin ya zo. Ya faɗi jarrabawa biyu ya rama su. A shekara ta uku ne abin ya kama shi. Malamin ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya zana wata shimfiɗar dutsen yashi mai riƙe ruwa, wadda masana ke kira Kwantinantal Antarkalar, taskar da garuruwan Saharar Aljeriya ke sha daga gare ta, ruwan saman da ya sauka dubban shekaru da suka wuce lokacin da hamada ke da ciyawa. Sa'an nan ya ce irin wannan shimfiɗa na nan kuma kudu da duwatsun Hogar, a kwarin Iwillimmidan. Ya nuna taswira. Saurayin ya bi yatsan malamin da ido, ya ga ya ratsa Tawa ya sauka daidai kan ƙasar Dakoro. Kwarin ma sunan Buzayen Azawak aka sa masa, maƙwabtansu. Ashe ƙyallin nan da yake hangowa a gindin rijiya yana da suna a littafi, yana da zurfin da ake aunawa, da lissafin yawan abin da za a iya ja kafin ya ja baya. Daga ranar ya bar jin haushin likitancin da bai samu ba.

Kuɗi su ne ciwon da bai warke ba. Burs kan zo a dunƙule bayan watanni, wani lokaci ya makara har bashin mai shago ya kai wuya. Katinsa na ɗalibi ne, ba na aiki ba. Dinari kuwa kuɗi ne da ba ya fita waje, yana da farashin banki da na bayan fage, saboda haka ɗan abin da za a aiko daga gida sai ya bi hannun matafiyi ko ɗan kasuwa. Sau biyu ya buga waya gida yana neman taimako, sau biyu aka sayar da akuyar uwarsa. A bakin rijiya kuwa ana magana. Ɗan wane ya yi wata takwas a Libiya ya aiko da babur. Ɗan wance na Ikko ya yi wa uwarsa rufin kwano. Wannan fa, da aka ce jirgin sama ya hau? Mutanenmu na da wannan zato, cewa duk wanda ya hau jirgi ya shiga daula, kuma zaton na cutar yaran fiye da sanyi, don yana hana su faɗin halin da suke ciki. In ya kira, sai ya ce lafiya lau. Uwar ta karɓi salula ta ce: "Ana cin abinci dai?" Ya ce ana ci. Ta miƙa wa wani.

Zanga-zangar da ta tashi a watan Fabrairu 2019, wadda ta kai ga saukar shugaba Bouteflika a watan Afrilu, ta taga ya kalle ta. Kowace Talata abokan ajinsa na fita da tuta, shi da sauran baƙi na zaune a site, don baƙo ba ya shiga faɗan gida. Abin da ya fi taɓa shi na watan Maris 2020 ne, da cutar korona ta sa aka rufe jami'o'i da iyakokin ƙasar. Ƴan gari suka kwashe kayansu suka tafi gidajensu, dogayen gine-ginen site suka koma kamar kufai, ba kowa sai baƙi. Azumin shekarar a haka ya same su. Kullum kafin magariba ɗan tsohon nan na masallaci kan zo bakin ƙofa da tukunyar harira da dabino, ya ajiye ya ja baya.

Cikin wannan kulle ne aka kira shi daga gida da sassafe, lokacin da ba a saba kira ba. Malam ya cika. An riga an kai shi.

Sai a lokacin saƙon tsohon ya faɗo masa. Shekara ɗaya da rabi yana garin, kullum yana cewa sai an yi hutu, sai sanyi ya wuce, sai an gama jarrabawa. Da aka sassauta fita ya kama hanyar Ubbad da ƙafa, unguwar da ke gefen dutse inda hubbaren Sidi Bumadyan yake, da makarantar da Ibn Haldun ya taɓa zama. Maƙabartar da ke ɗauke da sunan Shehu Sanusi na kan wannan hanya, cikin dogayen itatuwa. Ya tambayi mai gadi, aka nuna masa. Ya tsaya ya yi sallama, ya yi addu'a, sa'an nan ya isar da saƙon da Hausa, yadda aka ba shi, kalma bayan kalma.

Ya gama lisans, ya zarce masta. Ya sauka Yamai da takardar injiniyan ruwa, bai daɗe ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Aka rufe iyakoki, masu ba da tallafi da dama suka dakatar da kuɗinsu, ayyukan gina foraj da ya sa wa rai suka tsaya cik. Ya rarraba takardunsa a ofisoshi, ko'ina aka ce a bar lamba za a kira. Ƙasa ta san yadda ake fitar da yaro karatu, amma ba ta cika shirya inda za ta ajiye shi in ya komo ba. Da kuɗin zaman Yamai suka ƙare ya hau kar ya yi gabas.

Ya iso ƙauye ana tsakiyar maimai. Tsarabarsa kwalin dabino ne, da mayafi na uwarsa, da sabon bugun Ummul Barahina da ya saya tun kafin rasuwar, wanda ya miƙa wa ƙanen ubansa, mai riƙe da zauren yanzu. Mutumin ya juya littafin, ya buɗe, ya rufe, ya sa shi cikin gafaka tare da tsofaffin ganyayen. Bai ta da zancen sa ba.

Da safe saurayin ya bi ƙanensa rijiya. San da ya rage ya tsufa, an haɗa shi da jakin maƙwabta. Mata suka yi ta yi masa barka da zuwa, suna ce masa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Wata tsohuwa, abokiyar wasansa ta wajen kaka, ta ajiye tulunta ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai miji, shekara biyar. Mi ka kawo muna?"

Ya ce ya san inda ruwan yake, da zurfinsa, da irin injin da zai fiddo shi.

"Mu ma mun san inda shi ke," in ji ta, ta nuna bakin rijiyar da haɓa. "Yaushe za shi hito?"

Ya ce ya ajiye takardu, ana jira. Ta ce to, Allah ya sa a kira. Ya laluba aljihu ya duba salula, sandar layi ɗaya ce tak, ya maida ta. Ya tuɓe takalmansa, ya karɓi tsumagiya daga hannun ƙanen, ya kora san.